Benci Uku da Gurmi Ɗaya

Idan aka idar da sallar isha'i a Kazaure, motocin Kano zuwa Daura suka fara ƙaranci a titi, sai teburin mai shayi ya koma majalisa. Benci uku, tukunya kan murhu, gwangwanayen madara a jere, burodi cikin akwatin gilashi. Wasu darare mai gurmi kan ɓullo, ya roƙi gefen benci, ya ja tsirkiyarsa har ta yi masa daidai. Ƙoƙo ne da fata da sanda, don haka ko an ɗauke wuta shi ko a jikinsa. Na daɗe ina zama a wajen, kuma tuni na daina kallon makaɗin. Jama'ar benci sun fi shi wasa.

Wanda ke riga kowa buɗe baki shi ne dattijon da a wurinsa kiɗa ya mutu a watan Yunin 1999, aka binne shi tare da Mamman Shata a Daura. Mai gurmi bai gama ɗaure tsirkiya ba zai girgiza kai. "Yaro, wannan ai wasan yara ne." A ce masa, "Baba, Shata fa da kalangu aka san shi, wannan gurmi ne," sai ya juya akala nan take: to ina Haruna Uji na Haɗeja? A kawo zancen kukuma, ya ce bayan Garba Supa a rufe littafi. Kuntigi kuwa tun da Ɗanmaraya Jos ya rasu a 2015, a ganinsa gwangwanin kifi ya koma aikinsa na asali. Duk wasan da aka taɓa yi yana wurin, a sahun gaba, kuma makaɗin ya kalle shi ya yi murmushi. Na taɓa lissafa wuraren da ya ce ya halarta, na tarar sai dai in yana da jirgi. Abin da ba na iya ƙwace masa shi ne kunne. In tsirkiya ta saki ko kaɗan, shi ke fara ji, kuma shi ke tashi ƙarshe.

Kusa da shi akwai mai neman a ambace shi. Wannan da hularsa a karkace yake zuwa, ya miƙa naira ɗari biyu yadda kowa zai gani, sannan ya raɗa wa makaɗi sunansa, da na mahaifinsa, da na kakansa, da unguwarsu. Da ɗari biyun nan yake son a ja salsalarsa har ta haɗu da Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure wajejen 1819. Mai gurmi kuwa ɗan kasuwa ne, ya san ma'auni. Ɗari biyu tana kai mutum ga kakansa ne kawai ta sauke shi. In ya ƙara ɗari biyar, sai kakan ya wayi gari da doki.

Sai mai kari da baki. "Kai, Allah ya yi maka albarka! Gobe ka same ni a gida." Gidan ba a taɓa kwatanta shi ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya sami sabon makami: ya zaro waya, ya ce a ba shi lambar asusu, ya daddanna, ya ɗaga ta sama yana neman sabis. Har yau kuɗin suna hanya.

Ɗan amshin sa-kai ba wanda ya gayyace shi. Rabin baiti ya sani, sauran rabin ya cike da ƙugi, kuma kullum yana riga makaɗi shiga, kamar mamun da ke riga liman ruku'u.

Akwai wanda nake ƙauna fiye da duka, wato malamin ƙarshen benci. Shi shayi ya kawo shi, kuma zai faɗa da ƙarfi don a shaida. Zai juya wa makaɗi baya, ya ce wa mai shayi, "Zuba min ruwan bunu in wuce, ni ba na zama wurin kiɗa." Kofin da ake shanyewa cikin minti biyar sai ya kai shi sa'a guda. Shayin ya yi zafi. Shayin ya huce, a ɗan ɗumama. Sukari bai ji ba. Fuskarsa a murtuke, carbi a hannu, amma ka leƙa ƙarƙashin benci: babban yatsan ƙafarsa na bin kiɗan, bai kuskure ko bugu ɗaya ba. Ranar da mai gurmi bai zo ba, shi ne ya tambaya, yana kallon wani wajen, "Yau mutumin naku lafiya kuwa?"

Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu kan zo su uku ko huɗu, kofi ɗaya a tsakaninsu. Su ta waya suke sauraro. Ɗaya ya haske fuskar makaɗi da tocila har ya runtse ido, ɗaya ya ce, "Baba, maimaita wurin nan, ban ɗauka ba." Wani cikinsu ya taɓa ba mu labarin cewa a birnin New York na Amurka, farkon shekarun 1960, a gidajen gahawa mawaƙa irin su Bob Dylan suka fara, ana zagayawa da kwando masu sauraro na jefa abin da ya sawwaƙa. Mai gurmi ya saurara da kyau, ya cire hularsa ya miƙa masa. Ɗalibin ya tuna yana da jarrabawa da safe.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma kowace majalisa tana da nata. Da makaɗi ya shiga habaici kan mai cin bashi ba ya biya, sai ka ga mutum ya fara gyara zama. Ba a kira suna ba, ba a nuna kowa ba, waƙar ma ta girme shi. Amma ya san shafinsa a littafin mai shayi ya cika har ya juya baya. "Da wa kake?" "Ranka ya daɗe, waƙa ce." "To canza ta." Da ya yi shiru da ba wanda ya sani. Yanzu ko yaran da ke wanke kofuna sun san da wa ake.

Direban da ya kwaso kaya daga Babura bai san waƙa ba sai guda ɗaya, ta yabon direbobi, kuma zai biya a yi ta sau uku. Ba na ganin laifinsa. Shi dai yana biya.

Akwai kuma masu sauraron da ba a gani. Daga gidan da ke bayan teburin akan aiko yarinya da fulas sayen shayi sau biyu a dare ɗaya, a gidan da kowa ya san akwai risho da ganyen shayi. Yarinyar ta tsaya jim, ta ce wa mai gurmi, "Wai an ce ka ɗan ɗaga murya."

Mai shayi shi kaɗai ne bai taɓa cewa kiɗan ya yi daɗi ko bai yi ba. Yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, yana lissafi. Ya gane waƙa mai sanyi tana sayar da kakkauran shayi, mai zafi tana sayar da Indomie da ƙwai, dogon yabo kuwa ba ya sayar da komai sai cika benci. Ladan makaɗi a wurinsa kofi ɗaya ne da rabin burodi, kuma in ciniki ya yi kyau har da wainar ƙwai.

Wajen sha ɗaya saura wani tsoho kan miƙe, manomi ne daga wajen Roni da ke kwana a gari in ya kawo hatsi. Tun da ya zauna bai ce uffan ba, bai tafa ba, bai nemi a ambace shi ba. Zai bi ta bayan mai gurmi kamar mai neman takalminsa, ya cusa masa wani abu a aljihu, ya wuce. Wani dare na matsa wa makaɗin da tambaya, ya nuna mini: ya fi abin da benci ukun suka tara. Na ce to me ya sa bai taɓa wasa shi ba? Ya ce ya gwada sau ɗaya, tsohon ya yi wata biyu bai dawo ba.