Inda Hagu Ke Sarauta

Tun muna yara ake kwaɓar mu: kada ka ci abinci da hagu, kada ka miƙa wa babba kaya da hagu. To, a filin golf an yi juyin mulki. In dai kai ba bahago ba ne, hannun hagu ne jagora, kuma yawanci shi kaɗai ake saya wa safa, na dama yana kallo.

Sai dai sarautar da sharaɗi. A gindin yatsun hagu sandar golf take kwanciya, tudun tafi ya danne ta daga sama. In ka leƙa ka ga gaɓoɓi biyu zuwa uku a bayan hannunka, kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni yana fuskantar kafaɗar dama, ka dace. In ɗaya ka gani, ƙwallo zai kauce dama ya faɗa ciyawa, ka yini kana nema.

Gwanin golf Ben Hogan ya ware darasin farko na littafinsa na 1957 kacokan kan riƙo. Duk da haka sabon shiga yakan shaƙe sandar kamar ya cafke ɓarawon akuya, in ya ɓarar kuma ya ce iska ce.