Wasiƙa zuwa ga Alhaji Tamfol

Mina, safiyar 10 ga Zulhajji.

Ranka ya daɗe,

 Na kira ka Alhaji don ka cancanta, tunda tare muka yi tsayuwar Arfa jiya, tare muka gangaro Muzdalifa bayan faɗuwar rana, kana naɗe a hammatata, ni da ƙafa kai a ɗauke.

Aikinka ɗaya ne, na dare ɗaya. Muzdalifa ba ta da tanti, ba ta da rufi. A haɗa magariba da lisha, a tsinci tsakuwar jifa, kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa zuwa asuba. Abin da na roƙe ka kawai shi ne ka shiga tsakanina da ƙasa.

Amma sai da ka bari na jiƙe. Da ruwan sama ne ma, da na yi maka uzuri. Yakan zo a ƙasar nan ba sallama: a 2019 an tafka shi ranar Arfa, a 2009 kuwa ambaliyar da ta ci mutum fiye da ɗari a Jidda ta zo ne ranar da alhazai ke fita Mina. To jiya ko gajimare babu. Ruwan alwalar maƙwabta ne, na gorar roba, ya biyo gangare a hankali, ka buɗe masa ƙofa.

Ka manta hidimar da na yi maka a Kano kafin tafiya? An ce garin sabulun wanki yana barin saura a jikin zare, sauran nan kuma shi ke jan ruwa, sai na wanke ka da hannu, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa. An ce rana tana cin fatar robar da ke cikinka, na shanya ka a inuwa, alhali rigunan Sallata suna can suna ƙonewa a igiya. Na sayo kakin zuma, na bi ɗinkinka layi-layi ina gogawa, na ɗora ƙyalle na bi da dutsen guga mai ɗumi don kakin ya shige ramukan allura. Hujin kusurwa kuma mai faci ya liƙe shi. Maiɗakina tana kallo ta ce ko amarya ba a yi wa wannan gyaran ba. Da na yayyafa maka ruwa don gwaji, ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, har na kira yara su gani.

Ashe duk fuska biyu ce! Ruwa ya shigo ta ƙasa, inda robarka ta saɓule, sannan kakin da na shafa ya hana shi fita. Wato gyaran ya yi aiki, amma a kaina. Na farka tsakar dare a cikin tafki, haramina ya sha ruwa ya sha ƙura ya koma kalar kunun kanwa, ga shi ba halin sa riga, ba halin sa wando. Haka na yi asuba, haka na tako zuwa Mina, mutanen Indonesiya suna matsa mini hanya.

Gwangwanin feshin hana ruwa da na sayo dominka, tun a filin jirgi aka karɓe shi. Silifas ɗina ƙafa ɗaya ya ɓace, wannan ba laifinka ba ne, amma kana wurin.

Ɗaga kai ka dubi tantin da muke ciki. Bayan gobarar 1997, wadda ta kashe alhazai sama da 300, aka sake tantunan Mina da yadin zaren gilashi mai rufin Teflon. Shekara da shekaru suna tsaye a ranar Makka, kai kuwa gora ɗaya ta tona maka asiri.

Ba zan yar da kai a nan ba, kada masu shara su ce mutanen Najeriya ne. Za ka koma Kano cikin nauyin kayana, ka hau soro, a riƙa shanya kuɓewa da barkono a kanka har ka yage.

Wanda ya saye ka da kuɗinsa.