Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kilim ɗin Motata

Zuwa ga Malam Kilim,
Mazaunin gaban tsohuwar a-kori-kura,
Waca, jihar Damagaram.

Ina gajiya? Ko da yake tambayar ba ta da gurbi, tunda wanda bai yi aiki ba ba ya gajiya.

Dalilin wannan takarda shi ne in ji matsayinka kafin bazara ta kankama. Na lura kai ma'aikacin hunturu ne. A Disamba da Janairu, sa'ad da kowa ya ƙudundune cikin bargo ana jin wuta a zaure, nan kake zage dantse kana busa sanyin da ba wanda ya roƙe ka. Afrilu na kamawa, zafi ya haura digiri 40, rairayi ya hana tafiya ba takalmi, sai ka koma huci a fuskata. Kuma ba ka iya lalaci shiru. Ka yi ƙara, ka yi gurnani, ka yi ƙyas-ƙyas, har na baya da ke zaune kan daurin rake su buga rufin mota suna tambaya ko lafiya.

Na kai ƙararka gareji-gareji, daga Damagaram har Magarya, amsar ɗaya ce: "Alhaji, gas ne ya ƙare." A ɗura, in ƙirga jikkuna in bayar, ka yi sanyi har mu wuce Bande, kasuwa ba ta zagayo ba ka koma halinka. Sai da wani dattijon bakanike, wanda kunnensa ya fi idonsa aiki, ya sa aka tayar da injin, ya hana kowa magana. Shi ya fassara mini yarenka, kuma zan maimaita maka a nan don ka san asirinka ya tonu.

In an kunna ka aka ji ƙara mai tsini nan take, bel ne ya saki ko ya yi santsi, kwamfaresa na ja shi kuma yana zamewa. Wannan ɗaurewa kawai yake so, ko sabo. In gurnanin na nan ko an kashe ka, boris ɗin fule ne ya cinye giris ɗinsa, domin fulen na juyawa muddin injin na aiki, kana bacci ko kana farke. Wanda ba a fatan ji shi ne kwaramniyar da ba ta tashi sai kulocinka ya kama: wannan daga cikin kwamfaresa take, kuma maganinta tafiya Ƙofar Ruwa a Kano neman ɗan Kwatano, a saya ana addu'a. Shi kuwa ƙyas-ƙyas ɗin nan, ka kama ka saki, ka kama ka saki, makunnin tsaro ne ke yanke wuta don matsin gas ya faɗi, kada kwamfaresa ta juya ba mai ta ƙone. A nan kaɗai masu cewa gas ya yi ƙasa suke da gaskiya, ita ma rabi.

Rabi, saboda gas ba gazuwal ba ne da ake ƙonawa. Zagaye yake yi a rufe, daga kwamfaresa zuwa ragar gaba, ya huce, ya shiga ciki ya sha zafin ɗaki, ya komo. Gaba ɗayansa bai cika kilo ɗaya ba. In ya ragu da sauri, akwai kafar da yake fita, kuma yana fita ne tare da ɗan mai, ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi. Ruwan sabulu kaɗan aka shafa a mahaɗar tiyo sai ga kumfa na tashi. Robar da ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba, ita ta ci mini kuɗin buhunan hatsi. Mai ɗura gas a tiyo mai yoyo da mai ɗibar ruwa da kwando sana'arsu ɗaya, sai dai na farkon ana biyansa.

Adalci ya sa in faɗi inda aka zalunce ka. A Japan aka ƙera ka don kwalta, ƙaddara ta kawo ka ƙasar Sosebaki. Ragarka ta gaba, wadda sai iska ta ratsa ta gas ke hucewa, mun toshe ta da ƙarangiya da ƙaiƙayi da gawar fara. Shi ya sa kake ɗan taɓukawa in mota ta miƙe da gudu, ka mutu murus in mun tsaya layi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Ta cikin kuma ƙurar hunturu ta laƙe ta, fanka na ihu iska ba ta fitowa. Ruwan da kake zubar wa fasinja a ƙafa ma an gano bututun zubarwa ne ya cushe da laka. Ni da na ɗauka raini ne.

Sai batun cikinka. An haife ka zamanin gas R12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yanke wa hukunci don yana cinye rufin ozon na sararin sama. Masu ƙera motoci suka koma R134a a farkon shekarun 1990, ƙasashe irin namu aka ba su wa'adi zuwa 2010. Kowane gas da irin man da yake tafiya da shi, ba a cakuɗa su. Kai kuwa abin da aka ɗura maka tun daga tashar jirgin ruwa zuwa Dungas, Allah kaɗai ya san jinsinsa. Ba wanda ya taɓa zuƙe iskar ciki kafin ɗuri, alhali ɗan danshin da ya rage shi ke daskarewa a bawul ya toshe hanya, ka yi sanyi ka ɗauke, ka yi sanyi ka ɗauke. Ba mu gama sabawa da R134a ɗin ba ma, aka zauna a Kigali a 2016 aka ce shi ma a fara rage shi.

Duk da haka kada ka ɗauka na wanke ka. Mutum uku kake yi wa hidima a gaba, na baya ko labarinka ba su ji sai ƙarar. Kana ƙara mini shan mai, kuma duk tudun rairayin da za mu hau tsakanin Waca da Guci sai na kashe ka injin ke samun numfashi.

Ga shawarata. Zan sauya robobi da tukunyar tsane danshi, a wanke ragogin biyu, a ɗaure bel, a zuƙe iska, a ɗura gas iri ɗaya da ma'auni, ba da ƙiyasin ido ba. Wannan hakkinka ne, zan sauke. In bayan haka ka sake yi mini huci a watan Mayu, zan sa a cire wayarka, in sauke gilashi, in jiƙa rawanina.

Ka huta lafiya, tunda dama hutun kake.

Naka mai gumi,
Direbanka, Waca.