Ɗaurin da Ba Igiya a Kakuri

To, 'yan gardama, ku gyara zama. Na san halinku: in an ce alƙali ya ɗaure wane, sai kun ga igiya a ƙafarsa za ku yarda. Malam, ina ka taɓa ganin alƙali da igiya a aljihu? Baki kawai yake buɗewa, mutum ya ɗauru shekara bakwai.

Ku ƙetare gadar kogin Kaduna, ku ce a sauke ku Kakuri. Ba masaƙun da suka durƙushe za ku kalla ba. Akwai buɗaɗɗen gidan fursuna a can, inda ake kai waɗanda aka gamsu da halinsu, suna noma, suna koyon sana'a. "Ƙarya ne, ai da tuni sun gudu!" Haba Alhaji, kai da ko mai shayin da ke bin ka bashi ba ka iya tsere wa ba! Wanda wa'adinsa ya kusa cika, me zai kai shi jawo wa kansa sabon hukunci? Ɗaurin talala ke nan: igiya doguwa, akuya na kiwo, amma turke na nan daram.

A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen fursuna, gidajen rediyo suka koma cewa gidan gyaran hali. Kuka yi ta shewa, wai an sauya wa tuwo suna. Ku leƙa Barnawa tukuna: makarantar Borstal ta kangararrun samari ta daɗe tana aikin gyaran hali kafin dokar. Na dai ba ku gaskiya a abu guda, a kasuwa har gobe gidan yari ne, Yari kuwa sarautar fada ce ta mai tsaron kurkuku. Masu sakaya zance su ce gidan kaso, matasa su ce gidan maza, kamar wani abin alfahari.

Yanzu ku yi mini gardama a kan wakafi in kun isa. Mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, a takarda ba wanda ya ɗaure su. Na Kakuri ya san ranar fitarsa, yana ta ƙirga watanni. Na wakafi ranar zaman kotu kaɗai ya sani, ita ma sau da yawa ɗagewa ake yi. Malam mai neman igiya, daure ka je ka faɗa wa mahaifiyarsa cewa ɗanta ba ɗaurarre ba ne, ni zan jira ka a ƙofar gida.