An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Tsaya tukuna, malam. Na ga ka fara yamutsa fuska tun ban faɗi kuɗin ba, to bari in faɗa ka ƙarasa yamutsawar gaba ɗaya: dala 2,199. Abin da kamfanin Apple ya yanka ke nan a watan Yunin 2012, ranar da Phil Schiller, jami'in kamfanin, ya hau dandamali a San Francisco ya nuna wa duniya sabuwar MacBook Pro mai inci 15, wadda suka raɗa wa fuskarta suna Retina. A lokacin dala tana wajen naira 160, don haka lissafin ya tasam ma naira 350,000, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na kwastan ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya a lokacin naira 18,000 ne. Mai ɗaukar wannan albashi zai yi shekara ɗaya da rabi yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, ya je kanti a ce masa da sauran ciko.

Ka ce ai magana ta ƙare, hauka ne kawai? Haba yallaɓai, ko zama ba mu yi ba.

Kada ma ka ɗauka kai kaɗai ne ka yi salati. Amurkawan da aka yi abin dominsu sun riga ka. Wasu suka ce da kuɗin nan mutum zai sayi kwamfutar tafi-da-gidanka uku masu Windows, har ya rage na caja. Wasu kuma suka ruga suka yi oda, har aka koma ce wa masu saye su jira makonni kafin kaya su iso. Masu zagi suna zagi, masu layi suna layi, kuma ina da yaƙinin akwai waɗanda suka yi zagin da safe suka shiga layin da yamma.

Ka ce sunan kawai ake sayarwa, tuffar nan da aka gatsa a bayan murfi? To zo mu yi lissafi, tunda kai gwanin ciniki ne. A wannan rana Apple yana sayar da tsohon samfurin mai inci 15 a kan dala 1,799. Ratar dala 400 ke nan. Amma tsohuwar ram ɗinta gigabayit 4 ne, ma'adanarta kuma irin mai faifai ce da ke juyawa a ciki. Sabuwar ta zo da ram gigabayit 8 da ma'adanar SSD mai gigabayit 256, wadda babu abin da ke motsi a cikinta, sai sauri. In ka ce Apple ya sa wa tsohuwar irin waɗannan kaya, kuɗinta sai ya kamo na sabuwar, ko ya wuce. Wato a cikin gidan mai tsada, ita ce ma mai rangwame. Na san za ka ce gidan ne gaba ɗaya ba na shiga ba. Wannan kuma tsakaninka da aljihunka, ba na shiga faɗan dangi.

Yanzu ga babbar hujjarka, wadda kake ta gyara zama don ka jefo: ka ce ido ba ya ganin bambancin, ko ba haka ba? Fuska fuska ce, rubutu rubutu ne, wai Bature ne ya ƙirƙiro ciwo don ya sayar da magani.

Sannu da hikima. Duk hoton da kake gani a kwamfuta ɗigo-ɗigo ne aka jera. Tsohuwar fuskar tana da ɗigo 1,440 a kwance, 900 a tsaye. Sabuwar tana da 2,880 a kwance, 1,800 a tsaye. Ka ninka: ɗigo miliyan biyar da 'yan kai, a fili ɗaya da tsohuwar ta shimfiɗa miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Babbar talabijin ɗin falonka da kake taƙama da ita, mai 1,920 da 1,080, miliyan biyu ne da kaɗan. A kowane inci na fuskar nan akwai ɗigo 220. Kuma dabarar ba ta ƙanƙanta rubutu ba ce har sai ka nemo tabarau. Girman harafi yana nan yadda ka saba, sai dai inda ɗigo ɗaya yake aiki a da, yanzu huɗu ne suke yi. Lanƙwasar ƙa da ɗa da ɓa sai ta fito sumul, babu tsani-tsanin nan da ke gefen haruffa.

Ka ce kai ba ka taɓa ganin wani tsani a gefen harafi ba? Gaskiya ne, ba ka gani ba, don ba ka taɓa ganin harafin da ba shi da shi a kwamfuta ba. Waɗanda suka yi mako guda da sabuwar suka koma tsohuwar su ne suka fara ƙorafin kamar an shafa wa gilashin man shanu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kuma don Allah ciro wayar da ke aljihunka. Kar ka ɓoye, na ganta. Tun 2010 iPhone 4 ta zo da ɗigo 326 a kowane inci, yau kuwa wayoyin Tecno da Infinix na tsaka-tsakin kuɗi suna yin kusa da haka, wasu su wuce. Da wannan wayar kake karanta labarai, da ita kake zuƙo hoton ɗaurin aure kana ƙirga waɗanda ba su sa anko ba. A miƙo maka wayar 2008 yanzu, za ka ce idonka ne ya fara lalacewa. Ashe kai ma ɗan ɗariƙar ne, mubaya'ar ce kawai ba ka yi a bainar jama'a ba.

To, kada ka ce ban yi maka adalci ba, ga inda ka ci rabin maki. A watannin farko wanda ya saya ya ɗan sha kunya. Shafukan intanet da manhajoji duk an gina su ne don tsohuwar fuska, sai kwamfutar ta riƙa buɗa hotunansu don su cika wuri, su fito dishi-dishi kusa da rubutu mai kaifi. Microsoft Office sai a watan Satumba aka gyara shi, Photoshop sai Disamba. Mutum ya zuba dala dubu biyu da ɗoriya don ya ga tsaf, ya buɗe Word ya ga hazo. Wasu kuma suka tarar idan hoto ya daɗe a fuskar, inuwarsa takan maƙale na ɗan lokaci bayan an kawar da shi, aka yi ta cacar baki a kan ko fuskar da LG ya ƙera ce ta fi yin haka ko ta Samsung. Shekaru kaɗan bayan nan shafen da ke hana ƙyalli ya fara ɓarewa a wasu, har Apple ya buɗe shirin canza su kyauta a 2015. Rabin maki na ce. Sauke hular, ba a kai ga rawa ba.

Ka ce ina wurin sa faifai? Yauwa, na san za a zo nan. Wannan shi ne kukan da ya fi kowane ƙara a 2012: kwamfutar ƙwararru babu ramin CD, babu ramin wayar intanet. Mai son faifai ya ƙara dala 79 ya sayi na'urar da ake jonawa ta waje, mai son waya ya ƙara dala 29 ya sayi adafta. An yi kumfar baki, an ce Apple ya raina mutane. Haka aka ce a 1998 da iMac ta fito babu fulofi, haka aka ce a 2008 da MacBook Air ta fito babu faifai. Ni dai tambaya ɗaya gare ni: yaushe rabonka da sa CD a kwamfuta? Kada ka rantse, azumi na zuwa. Ko fina-finan Kano da suka rayu a kan faifai shekara da shekaru sun koma YouTube da turawa a waya. Ramin da ka yi wa zaman makoki, yau ko kyauta aka ba ka, ƙura za ka tara a ciki.

Duk wannan hayaniya taiki ake duka. Jakin yana can ciki, ƙarƙashin murfin ƙasa, kuma sai da masu sukundireba suka zo aka gan shi.

Kwana biyu da fitowar sabuwar kwamfutar, iFixit, masu warware na'urori su ga yadda za a gyara su, suka buɗe ta. Maki ɗaya suka ba ta cikin goma. Sukurorin murfin masu kai ne mai lungu biyar, sukundirebar gida ba ta kama su. Ram ɗin an narka dalma an liƙe shi a jikin allon, ba ya cirewa, ba ya ƙaruwa. In ba ka biya ƙarin dala 200 ranar saye an sa maka gigabayit 16 ba, kai da 8 ɗin nan mutu-ka-raba. Ma'adanar SSD ɗin ƙirar Apple ce ta kansa, ba irin ta kasuwa ba. Gilashin fuskar haɗe yake da murfi, in ya tsage duka za a canza. Batir kuwa, wanda kowa ya san shi ne ke fara mutuwa, da gam aka manne shi, kuma Apple ya sa dala 199 kuɗin canzawa. Da haka aka samu kaurin da bai kai santimita biyu ba da nauyin kilo biyu.

Ka ce to ina ruwan wanda ya iya biyan dubu biyu da ɗari biyu da kuɗin batir? Ka ga inda na kama ka. Kai da kake kukan talaka tun farkon zance, ga inda ya shafi talaka ka wuce ko waiwaye babu. Kwamfuta ba ta ƙarewa a hannun wanda ya fara saye. Tana yin shekara huɗu ko biyar a Amurka ko Ingila, ta shiga kwantena, ta sauka Legas, ta bi Computer Village a Ikeja, wata ta ƙaraso Farm Centre a Kano. Abin da ke sa 'yar gwanjo ta yi daraja shi ne mai gyara ya buɗe ta, ya ƙara ram, ya canza ma'adana, ya sa sabon batir, ɗalibi ya ƙara shekaru da ita. Wadda aka liƙe da dalma da gam, yadda ta zo haka za ta mutu. Tsada ta tsaya a kan mai kuɗi na farko. Gam ya bi kowa har na ƙarshe.

Kuma ba ni kaɗai na ga haka ba. A watan Yulin 2012 aka ji cewa Apple ya janye kayansa daga rajistar EPEAT, wadda ke auna sauƙin warware na'ura da sake sarrafa ta. Hukumar birnin San Francisco ta ce to ita ma ma'aikatunta za su daina sayen kwamfutocinsa. Ba a yi mako biyu ba Bob Mansfield, shugaban sashen ƙere-ƙeren kamfanin, ya rubuta wasiƙa ya amsa cewa kuskure ne, suka koma rajistar. Sun koma, amma gam ɗin bai koma ko'ina ba. Sauran kamfanoni ma suka ga ashe ana liƙewa a zauna lafiya, yau sirara da yawa haka suke, ko tambarin wa ke bayansu.

Ka ce halin Apple ne, da ma ka faɗa? Kwantar da hankalinka. Watanni takwas bayan fitowar mai Retina ɗin, a Fabrairun 2013, Google ya fito da Chromebook Pixel a kan dala 1,299. Ɗigonta 239 a inci, ta ɗara ta Apple. Ma'adanarta gigabayit 32 kacal, kuma kusan duk aikinta a cikin burauzar Chrome yake, a lokacin da Samsung ke sayar da tasa Chromebook ɗin dala 249. Nan ma aka sake sabon salati. Wannan kam ko ni ba zan tsaya mata ba. Lauya ma yana zaɓen shari'a.

Saura kai. Na san ka, ranar da ka ga irin ta 2012 ɗin a teburin ɗan gwanjo, an goge ta tana sheƙi, an ce maka kuɗinta bai kai na sabuwar waya ba, duk wa'azin nan naka zai bi iska. Za ka buɗe murfi, fuskar ta haska, ka ce kai, Bature ya iya abu. To kafin ka zaro kuɗi, kifa ta a kan teburi ka ga ko cikinta ya kumbura, alamar batir ya tashi. Duba ko ram ɗin 8 ne ko 16, don mai gyara ba shi da yadda zai yi maka. Karkata ta wajen haske ka ga ko shafen gilashin ya fara ɓarewa. Ka kuma sani tun 2020 sabon tsarin macOS ya daina hawa kanta. In mai kaya ya ce maka ai za a ƙara ram daga baya, ka tambaye shi da wace sukundirebar.