Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Albashi



Ana yi maka sannu da jiki, domin duk wanda ya gan ka kwanan nan cewa yake ka rame. An rubuto wannan takarda ne a madadin wani bawan Allah da ka sani sarai: ma'aikacin nan mai matsakaicin mataki, ko malamin sakandare, ko nas, ko akawu a sakatariya. Yana da digiri, yana da iyali, kaftaninsa kullum a goge. Kunya ce ta hana shi rubutowa da kansa.

Dattawa suna ba da labarin ƙuruciyarka. A 1974, zamanin Janar Gowon, kwamitin Jerome Udoji ya kawo ƙarin da aka biya har da ariyas, ma'aikata suka cika gari da sababbin babura da akwatunan rediyo. A lokacin naira ta fi dala daraja, kuma iyaye na alfahari da surukin da ke jiran ƙarshen wata.

A takarda kam, ba ka taɓa raguwa ba. Mafi ƙanƙantarka naira 18,000 ce a 2011, ta zama 30,000 a 2019, sannan 70,000 a watan Yulin 2024. Sai dai waccan 30,000 ɗin ta haura dala 80 ranar da aka sa mata hannu, ita kuwa 70,000 ko dala 50 ba ta kai ba a watan da aka amince da ita. Abin da ya faru a tsakani ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa kusan 460 ta haura 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ta abinci kuwa ta riga ta wuce kashi 40 tun tsakiyar shekarar. Har aka kai matsayin da buhun shinkafa ɗaya ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashi.

Yanzu ga yadda zuwanka yake kasancewa. Tun kafin ka baro ofishin akanta an zabtare maka kashi 8 na fansho, an cire haraji, an cire kuɗin ƙungiyar ƙwadago. Kana shiga asusu, banki ya cafke nasa na bashin da aka ci don biyan haya. Waya ta yi ƙara, mutumin ya duba alat, ya sake dubawa, ya mayar da ita aljihu bai ce uffan ba. Mai shagon bakin layi ya riga ya buɗe littafinsa, ya ja layi ƙarƙashin taliya, sabulu, sukari da man gyaɗa. Mai adashe ta turo yarinya. Makaranta ta aiko takarda ta uku. Kafin biyar ga wata ka ɓace, kamar baƙon da ya sha ruwa a tsaye ya ce sauri yake.

Motar da mutumin ya sayo ta hannu shekarun baya tana ƙofar gida an lulluɓe ta da tampol, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin hutu. Yanzu adaidaita sahu yake hawa, wata rana ya sauka tun kafin a iso, ya ce wa direba yana son motsa jini. Uwargida ce ke riƙe da rabin gidan da zoɓo da ƙanƙarar da take sayarwa, in an kawo wuta. In kuma unguwarsu ta faɗa layin Band A, tun Afrilun 2024 aka ninka musu kuɗin wutar fiye da sau uku.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, wai a wasu gidajen da teɓa kake shiga, kai da 'yan rakiyarka alawus-alawus. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis. A 2024 Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa abin ya kai miliyan 21, wato mafi ƙarancin albashin mutum 300. Ƙungiyar Oxfam ma ta taɓa lissafawa a 2017 cewa dukiyar attajirai biyar na ƙasar nan ta isa ta kawar da matsanancin talauci. Wannan fa a ƙasar da hukuma da kanta ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma mafi yawansu a Arewa.

Shi kuwa mutumin namu ba ya cikin masu rabo, ba ya cikin waɗanda ake raba wa. In tirelar shinkafar tallafi ta iso unguwa, ba zai iya shiga layi ba, domin ɗalibansa na wurin. In ya daure ya shiga, mai rubuta sunaye zai ce, “Haba Malam, ai ku ne manya.” A ƙauye kuma har yanzu shi ne gwamnati. Kuɗin taki, kayan ɗakin ƙanwa, asibitin baffa, ragon sunan ɗan wa, duk wayarsa ake bugawa, kuma in ya ce babu sai a ce boko ya ɓata shi. Nauyin da hukuma ta sauke, a wuyansa yake sauka.

Ba ya roƙon ka koma zamanin Udoji. Buƙatarsa ita ce ka riƙa kwana goma a gidan, kuma in farashi ya tashi ka tashi tare da shi, ba sai ƙungiyar ƙwadago ta rufe ofisoshi ta kashe wutar ƙasa ba. Sannan in za ka zo wata mai kamawa, don Allah ka taho da dare, ka biyo ta bayan gida. Mai shago ya haddace ranar zuwanka, ya ma sa benci a ƙofa.