Zuwa Ga Bazazzagin Alexandria, Mai Neman Littafi

Sarkin Karambani! An ce tun da ka tare a Alexandria ta Amurka har gaisuwarka ta canza, wai yanzu ta hanci kake amsa sallama. To, Allah ya ƙara buɗi. Saƙonka ya iso, kana so in rubuto maka sunayen littattafan da matasan gidanka za su karanta, wai wayar hannu ta cinye su. Bazazzagi yana roƙon Bakano littafi! Ashe da rabon in ga wannan rana.

Ku da kuka ishe mu da taƙamar cewa a garinku aka haifi ɗab'in Hausa. Ban musa ba, a Zariya Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, kuma a Tudun Wada kamfanin Gaskiya ya zauna. Sai dai duba waɗanda suka yi fice. Abubakar Imam da yayansa Bello Kagara ba naku ba ne, Tafawa Ɓalewa na Bauchi ne, Muhammadu Gwarzo kuwa namu ne. Ɗaya tal kuka samu, mai Jiki Magayi, shi ma tare da Bature suka rubuta. Kun dai iya riƙe wa mutane inji, wannan kam a yaba muku.

Na san shirinka. Za ka jera yaran a falo, ka gyara zaman hula, ka fara da cewa ku a zamaninku da aci-bal-bal kuka yi karatu, alhali kowa ya san barci kake yi a bayan aji. Kada ka soma. Kai da ka ce ka haddace Magana Jari Ce, me aku ya yi da Musa ɗan Sarki Abdurrahman ya tashi zai bi mahaifinsa fagen yaƙi? Da labari ya riƙe shi, wani bayan wani, har gari ya waye. Da nasiha irin taka ya yi masa, da yaron ya haura katanga tun daren farko. Don haka da Magana Jari Ce za ka fara, amma kai za ka karanta musu da baki, bayan isha'i, labari ɗaya tak. Ka tsaya daidai inda ya yi daɗi, ka rufe, ka ce sai gobe. Hausarsu ba ta kai su zauna da Imam su kaɗai ba, kuma laifin wa ke nan? In ya ƙare ka ɗauko Ruwan Bagaja, su ga yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ɗana wa juna tarko gari-gari. Ba sai ka wahala wajen kwaikwayon muryar Zurƙe ba, yi maganarka ta kullum kawai.

Babban ɗanka mai son finafinan sararin samaniya, gaya masa Umaru Dembo ya kai yaro can a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Ita kuwa yayarsu, nema mata Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara. An fassara shi zuwa Turanci a 2012, sai ta riƙe biyun gefe da gefe. In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino ma ba laifi. Kada ka murtuke fuska, mun san wanda ya riƙa ɓoye shi a cikin littafin lissafi.

Na Turanci kuma ba sai ka kwance bakin aljihu ba, tunda na san ciwon da hakan ke sa maka. Ɗakin karatu na Beatley yana nan kan titin Duke, katin aro kyauta ne ga mazaunin gari. Ka tambayi Long Way Down na Jason Reynolds, ɗan nan yankinku na Washintan, wanda da bakinsa ya ce bai taɓa karance ƙagaggen labari ba sai da ya kai shekara 17. Yaro ne ɗan shekara 15 ya shiga lifta da bindiga zai rama kisan yayansa, kuma kusan duk labarin a cikin minti ɗaya na saukowa ya faru. Gajerun layuka ne, ko kai za ka iya gamawa. Sai Akata Witch na Nnedi Okorafor, yarinya zabiya da aka haifa a Amurka aka mayar Najeriya, kowane ɓangare yana kallon ta a baƙuwa. Akwai tsafi a ciki, ka fara dubawa, amma 'yarka za ta gane wannan baƙuncin tun shafin farko. In an samu The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, a haɗa da shi.

Ranar Asabar kuma ka bar yawon kallon jiragen ruwa a bakin Potomac, ka kai su reshen ɗakin karatu na Barrett da ke titin Queen. A nan ne ranar 21 ga Agusta, 1939, samari baƙar fata biyar suka shiga, aka hana su kati, kowa ya zari littafi ya zauna yana karatu har 'yan sanda suka tafi da su. Lauya Samuel Tucker ne ya shirya abin. Ka ba su labarin a bakin ƙofar, a taƙaice, ban da ƙarin gishirin Zagezagi.

Na Hausar zan sa a nemo maka a Kano, kuɗin aike kuma a kanka. Ka turo tukuna, don bashin Bazazzagi sai a lahira. A gaida uwargida, Allah ya ba ta ladan haƙuri.